Fenti da armuwar: shin kwalliyar na biyan kuɗin sabulu?

Duk wanda ke zaman kasuwa ya san lokutan da masu sayar da fenti da kafintoci ke washe baki: in azumi ya raba tsakiya, in Sallar Layya ta ƙarato, da kuma bayan kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu, bukukuwan aure suka buɗe. A irin waɗannan kwanaki, daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, daga Tawa zuwa Katako ta Yamai, abin da ido ke yawan gani bisa amalanke da bayan mota shi ne bokitan fenti da armuwar mai ƙofa uku ko huɗu, madubinta na walƙiya cikin rana. Yau a ce ruwan toka ake yayi, gobe a ce ruwan hoda, jibi a ce bango ɗaya baƙi, uku farare, kamar yadda aka gani a waya.

Mu faɗi matsayinmu tun da fari, don kar a yi mana mummunar fahimta. Gyaran ɗaki abu ne mai kyau, tsafta kuma addini ya yi umurni da ita. Macen da ta wuni tana tuya gaban wuta, ko ta wuni cikin ƙurar kasuwa tana ciniki, tana da haƙƙin ta dawo ta tarar da ɗakin da zai sanyaya mata rai. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake yin gyaran a yanzu: da kuɗin da ba na gyara ba, a kan bangon da ba a duba lafiyarsa ba, da fentin da ba a san abin da ke cikinsa ba, kuma a cika ɗaki da katakon da ba ya da daraja ranar da buƙata ta taso. A shirye-shiryen rediyo da ake buɗa wa masu saurare layi, in aka taɓo zancen bashi tsakanin mata, da wuya a rufe shirin ba a ambaci kayan ɗaki ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wannan magana a rubuce, inda mutum zai karanta, ya ajiye, ya sake dubawa kafin ya kwance bakin zane.

Ado ba baƙo ba ne a ƙasar nan

Babu wanda ya zo daga waje ya koya wa Bahaushe ƙawata gida. Wanda ya zaga unguwar Birni a Damagaram ya ga zane a fuskar gidaje, da zanko a bisa soraye, aikin magina na gado. Tsohon garin Agadas, da masallacinsa mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. A ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, kuma a 1986 ginin ya samu kyautar Aga Khan, wadda manyan masana gini na duniya ke nema.

Kakanninmu suna da kayan aikinsu. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, a shafe bango da ita, a yi daɓe da ita, ruwa ya zame ya wuce. Laso kuwa da katsin marina ake haɗa shi, da gashin dabba da dafara. Cikin ɗaki mata ke shafe da farar ƙasa, su ja layi da jar ƙasa ko shuni. Abin lura a nan shi ne kowane ɗayan waɗannan yana da aiki bayan kyan gani: wani na tsare ruwa, wani na hana ƙura, wani na haskaka ɗakin da tagarsa ƙarama ce.

Haka ma jere. Ya fara da ƙorai a ragaya, ya koma tasoshi, ya koma kwanonin sha da langa jere cikin kwaba, da gadon ƙarfe mai rumfa. Wata mai binciken tarihi ƴar Amurka, Barbara Cooper, ta fitar da littafi a 1997 a kan aure a Maraɗi, inda ta ba kayan ɗakin amarya muhimmanci ƙwarai wajen fahimtar matsayin mace da dukiyarta. Iyayenmu mata ba su buƙaci littafi ba kafin su san haka. Jere asusun mace ne. In miji ya faɗi, in ciwo ya zo, in an yi fari, takan cire tasa biyu ko uku ta kai wa dillaliya, a sayi hatsi ko magani. Waɗanda suka ga yunwar 1984 da matsalar abinci ta 2005, wadda ta fi tsanani a jihohin Maraɗi da Zinder, sun san gidaje nawa kayan ɗaki suka riƙe har damina ta faɗi.

To, tambayar da za mu yi wa kanmu ita ce: armuwar ɗin da muke saye yau, da fentin da muke sakewa duk Salla, in rana ta ɓaci, wace dillaliya za ta karɓe su, kuma nawa za ta bayar?

Jari ba kuɗin fenti ba ne

Ƴan kasuwa muke wa magana, saboda haka bari mu yi lissafi. A ce mace na sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma kowace jika 10 da ke cikin jarinta na kawo mata ribar dala 100 a mako. Ta ga maƙwabciyarta ta yi sabon armuwar, ita ma ta zare jika 80 daga jari ta saya. Daga wannan rana ta rasa jika 4 a kowane mako. A shekara, mako 52, ta rasa jika 208. Ke nan armuwar ɗin da ta ce ta saya jika 80, a gaskiya ya ci mata jika 288 cikin shekarar farko kaɗai, ban da kwastomomin da suka zo ba su tarar da mai ba, suka saba da ƙofar wata. Kowa ya sa nasa adadi a wurin namu ya gani. Ko ribar ta fi haka ƙanƙanta, hanyar lissafin ɗaya ce.

Wadda ta ci bashi kuwa, nata ya fi muni, don tana biyan kuɗin abin da ba ya haihuwa. A jihar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, da tallafin ƙungiyar CARE, kuma tsarin ya bazu daga nan zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Dubarar da ke cikinsa mai sauƙi ce: a tara kaɗan-kaɗan, a ranta wa wadda za ta juya, ta maido da ƙari, a raba a ƙarshen zango. In kwasar adashi ta zama ta labule da fenti, rancen asusu ya zama na madubi, to an juya wa dubarar baya. Ranar zubi na zuwa ko bango ya yi kyau ko bai yi ba, kuma mun san zumunta nawa ta lalace a kan zubin da ya gagara.

Kar mu manta da cewa galibin waɗannan kaya daga waje suke shigowa, ko kuma da kayan haɗin waje ake yin su. Mun ga abin da ya faru da farashi lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun kuma ga na 2023, lokacin takunkumin CEDEAO, da hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Duk ɗan kasuwar da ya rayu cikin waɗannan shekaru ya koyi cewa kuɗi a hannu ya fi kaya a jikin bango. Shawararmu a nan gajera ce: gyaran ɗaki daga riba ake yin sa, a ware masa asusunsa daban, in ya cika a yi, in bai cika ba a jira Salla mai zuwa. Hausawa sun ce kowa ya daka ta rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Su ma maza ba za su tsira daga wannan magana ba. Akwai magidancin da ke sakar wa matarsa duk wani gyaran gida, har rufin da ke yoyo, alhali ɗawainiyar muhalli a wuyansa take. Akwai kuma mai yin gyaran da gangan don ya kunna wuta: ya fente ɗakin amarya, ya bar na uwargida da tabon hayaƙi, sannan ya zauna yana mamakin abin da ya hana gidansa zaman lafiya. Iyayen amare su ma su ji tsoron Allah. Uwa ta sayar da tumakinta, ta ci bashi, don kawai ƴan ganin ɗaki su yi guɗa na yini ɗaya, alhali rabin kuɗin ya isa ya zama jarin da yarinyar za ta fara sana'a da shi a ɗakinta.

A duba bango kafin a duba launi

Daminar 2024 ta bar mana darasin da bai kamata mu manta ba. Ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan 1, kuma Maraɗi na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A Damagaram, tsohon masallacin Birni da aka gina tun ƙarni na 19 ya rushe a farkon Satumbar 2024. Da yawa daga cikin waɗanda suka rasu, gini ne ya faɗa musu. Fenti ba ya riƙe bango. Abin da yake yi ma, in ba a yi hattara ba, shi ne ya ɓoye tsaga daga idon mai gida har ranar da za ta buɗe gaba ɗaya.

Saboda haka kafin a je butik zaɓen launi, a hau bisa a duba rufi. A duba indararo, shin yana jefa ruwa nesa ko a gindin bango yake zubarwa. A duba tushen gini, inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke kwanciya. In aka ga fenti na kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa kamar gwiwa, ko wani farin gari kamar kanwa na fitowa, to damshi ne ke hawa daga ƙasa, kuma ko sau goma aka sake shafawa haka zai sake yi muddin ba a raba ruwa da gindin ginin ba. In tsaga ta ratsa bango daga sama zuwa ƙasa, ko tana ƙara faɗi, magini ake kira, ba mai fenti ba.

Gidan ƙasa na da nasa hukunci. Bangon ƙasa na shan damshi yana fitarwa. In aka lulluɓe shi da fentin mai, ko aka yi masa yaɓen siminti ba bisa ƙa'ida ba, ruwan da ya samu hanyar shiga ba ya samun ta fita, sai ƙasar ta jiƙe daga ciki alhali waje na ƙyalli. Yaɓe a kan lokaci da farar ƙasa sun fi dacewa da irin wannan gini. Sabon shafen siminti kuwa, a ba shi kamar mako huɗu ya bushe kafin a sa masa fenti. Gaggawar Salla ce ke sa a shafa a kan ɗanyen bango, wata biyu a ga yana zuba.

Abin da ke cikin gwangwani

Nan ne muka fi so a buɗe kunne, domin zancen lafiyar ƴaƴanmu ne. Akwai wani ƙarfe da ake kira dalma, wanda ke cikin batirin mota. Wasu masu haɗa fenti na zuba sinadaransa cikin fentin mai, don launi ya fito rangaɗaɗau, musamman rawaya da ja da ruwan lemu da kore, don ya yi saurin bushewa, ko don ya hana ƙofa da tagar ƙarfe tsatsa. Ido ba ya ganin dalma, hanci ba ya jin ta. Lokacin da fentin ya tsufa ya fara ɓarewa, ko aka kankare shi don a sake sabo, sai ya zama ƙura a ƙasan ɗaki. Wa ke rarrafe a ƙasan ɗaki yana kai hannu baki? Yaro ƙarami.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro na tsotsar ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ta kawo ƙarancin jini, kuma ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Mace mai ciki na iya miƙa ta ga abin da ke cikinta. Mugun abin shi ne sau da yawa ba ta zuwa da zazzaɓi ko wata alama da uwa za ta gane. Sai yaro ya shiga lakwal a ce ba ya ganewa, a yi ta dukansa a kan laifin da ba nasa ba. Rahoton da UNICEF ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, na da dalma a jini fiye da kima. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara mun ji abin da ya faru a can a 2010, inda yara aƙalla 400 suka mutu. Tasu daga niƙan dutsen zinariya cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce.

Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje tun 1978. Kamaru ta kafa dokarta a 2017. Iyakar da masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawarar su kafa ita ce kashi 90 cikin miliyan. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya inda fenti mai yawa ke shigo mana, sun sha gano fentin mai da ya zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Fenti mara dalma kuwa akwai shi, kuma yana yin aikin da wancan ke yi.

To mene ne abin yi? Cikin ɗakin kwana da duk inda yara ke wasa, a yi amfani da fentin ruwa, wanda muke kira fom, domin shi ba a cika samun dalma a cikinsa ba. In dole sai an sa fentin mai a ƙofa ko taga, a nemi gwangwanin da ke ɗauke da sunan kamfani da adireshinsa, wanda aka rubuta «sans plomb» a jikinsa. A guji fentin da ake aunawa a kwalba ko leda ba suna ba asali. Araha ba ta ado. In za a kankare tsohon fenti, a fitar da yara da masu ciki daga gidan, a jiƙa bangon kafin a kankara don kar ƙura ta tashi, a kwashe ɓawon a kai nesa, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Ɗakin da aka shafa wa fentin mai, a bar ƙofa da taga buɗe, kar a kwana ciki sai wari ya fita, kuma a nisanta diliyan da esans daga murhu da gas.

Sai magana ta musamman ga ƴan uwanmu mata masu sayar da abinci. Bokitin fenti in ya ƙare, yana da kyau da murfi, shi ya sa ake rububinsa. Muna ganin sa da ruwan sha, muna ganin sa da kunu da fura da ƙullun ƙosai, wani lokaci da sauran fenti a gefensa. Don Allah a bar wannan. A yi shara da shi, a dasa itace a ciki, amma abin da za a kai baki ya samu mazubin da aka yi domin abinci. Haka ma tsohon katako mai fenti, kar a hura wutar girki ko ta gashin nama da shi.

Launi da zafin rana

A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a garuruwanmu, wuta kuma ba kullum take samuwa ba balle a dogara ga fanka. Launin da muke gani a fina-finai da hotunan waya, na gidajen da ke da na'urar sanyi dare da rana ne, ko na ƙasashen da ke neman ɗumi. Fari da launuka masu haske na maida hasken rana, baƙi da masu duhu na shanye shi su zama zafi. Wanda ya fente bangon waje da launi mai duhu, musamman ɓangaren yamma da rana ke duka da la'asar, ya sayo wa iyalinsa zafin dare da kuɗinsa. Cikin ɗaki kuma launi mai duhu na cinye haske, a kunna ƙwai da rana tsaka. Mai son launi mai ƙarfi na iya sa shi a ƙasan bango, inda hannun yara da ƙura ke ɓatawa, ya bar sama da haske. Iyayenmu haka suke yi da jar ƙasa da fara.

A kuma san adadin da ake buƙata kafin a aiki mai fenti kasuwa. Ɗaki mai mita 4 a tsawo, 4 a faɗi, 3 a tsaye, bangonsa huɗu mita 48 ne murabba'i. In aka cire ƙofa da taga, a ce 44. Shafa biyu, 88 ke nan. Lita ɗaya ta fenti mai kyau na rufe kamar mita 8 zuwa 10, saboda haka lita 9 zuwa 11 ta isa. Wanda ya san wannan ba za a sa shi sayen bokiti uku a kan ɗaki ɗaya ba, ba kuma za a tsinka masa fenti da ruwa har ya zama kamar tsarin nono ba.

Armuwar da abin da ke cikinta

Yawancin armuwar masu ƙyalli da ke cika kasuwa ba katako ba ne na gaskiya. Garin katako ne aka cakuɗa da gam aka danne, aka manna masa leda mai sheƙi. Muddin yana tsaye wuri ɗaya a busasshen ɗaki, lafiya lau. Ranar da ruwa ya taɓa ƙafarsa sai ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, kuma ba ya komawa. Ranar da aka tashi daga gidan haya aka kwance shi, ramukan kusoshi sun buɗe, ƙofa ta fara rataya. A ƙasar da ake ƙaura daga haya zuwa haya, kuma ruwa ke shiga ɗakuna duk damina, wannan kaya na ƴan shekaru ne.

Mai saye ya zaga bayan armuwar ya duba, domin can ne ba a yi wa kwalliya. Ya dubi bakin allon inda aka yanke, zai gane katako ne ko gari. Ya buɗe ƙofa ya rufe sau da yawa, ya ja aljihun ya gani. Kafintocinmu da masu walda na gida na iya yin wadda ta fi ƙarko, ta katako ko ta ƙarfe, daidai da faɗin ɗaki, kuma in ta lalace an san inda za a same su. Kuɗin ma ya tsaya cikin gari, ya biya yaran shago. Ko wace iri aka saya, a ɗora ta bisa bulo ko ƙafafun ƙarfe, a ɗan raba ta da bango saboda damshi da gara. Doguwa kuma a ɗaure ta da bango, domin yara na hawa. A 2016 kamfanin IKEA ya janye akwatunan tufafi miliyan 29 a Amurka bayan sun faɗo wa yara har wasu sun mutu. In hakan ta faru a inda ake da hukumomin sa ido, ina ga ɗakin da ƙasansa ma ba daidai yake ba?

Sannan mu tambayi kanmu abin da ya sa ƙofa biyu ta daina isarmu. Amsar tana cikin armuwar ɗin: anko. Kowane buki da nasa, kowane suna da nasa, a sa sau ɗaya a ninke. Turmin atamfa ko shadda da ba a yanka ba dukiya ce, ana iya sayarwa ko a kai gudummawa. Da zarar almakashin tela ya shiga, rabin kuɗin ya tafi. Muna sayen tufafin da ba mu sawa, sannan mu sayi gidan da za mu ajiye su, sannan mu nemi ɗakin da zai ɗauki gidan. Kafin a ƙara ƙofa, a fitar da duk abin da aka shekara biyu ba a sa ba. Akwai dangi a ƙauye, akwai marayu, akwai waɗanda ruwa ya raba da komai nasu. Abin da ya rage zai samu wuri, ladan kuma na nan.

Mai gidan kansa na iya sa magini ya fitar masa da kanta a jikin bango, a sa mata labule ko ƙofa. Ba ta kumbura, ba ta faɗowa, ba ta cin fili. Akwatin ƙarfe na iyayenmu har yanzu bai da na biyu wajen tsare kaya daga ɓera da gara. A ciki ya kamata takardun haihuwa, na fili, na makaranta da littafin bashi su zauna, cikin leda, a wuri mai tudu. Ɗan haya kuwa ya yi magana da mai gida gaban shaidu kafin ya shafa ko da burushi ɗaya: wa zai biya, kuma za a cire daga kuɗin haya ko a'a. An sha ganin wanda ya gyara gidan wani da guminsa, wata na zagayowa aka ƙara masa haya saboda gidan ya yi kyau.

Kiranmu

Ga ƴan kasuwa masu shigo da fenti daga Kano, Lome ko wani wuri: ku tambayi masu ba ku kaya, ku nemi mara dalma, ku faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke hannunku. Fentin da kuka sayar yana iya ƙarewa a ɗakin jikokinku. Ga masu fenti da kafintoci: ku ne kuka fi kowa shaƙar wannan ƙura, ku rufe hanci, ku wanke hannu kafin cin abinci, kar ku shiga cikin iyali da kayan aiki a jiki. Ga hukumomin kasuwanci, na lafiya da na duwan: a riƙa ɗaukar samfurin fentin da ke kasuwanninmu ana gwadawa, a bayyana sakamakon a rediyo da harsunan ƙasa, a kuma tsare iyakar kashi 90 cikin miliyan a kan na gida da na waje. Ga shugabannin ƙungiyoyin mata da uwayen adashi: ku sa wannan zance cikin taronku na mako. Ga malamai masu wa'azi: gasar kayan ɗaki na hana ƴaƴan talakawa aure, ta cancanci huɗuba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A toshe yoyo, a gyara indararo, a zaɓi fenti mai lafiya da launi mai haske, a sayi abin ajiya daidai ɗaki daidai aljihu, a bar jari ya ci gaba da juyawa. Wadda ta bi wannan tsari za ta yi Salla cikin ɗaki mai kyau, ranar zubi kuma ba za ta ɓuya bayan ƙofa ba. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya raya mana zuriya cikin lafiya, ya ba mu damina mai albarka ba mai ɓarna ba. Amin.